Kaset ɗin da Ya Ƙare Kafin Wanki

Yaran yanzu da ke sakin wando ƙasa-ƙasa suna zuba magana a kan kiɗa kamar ana suyar gyaɗa, har su ce wai daga Amurka abin ya zo, a kai su Tambuwal su tambayi tsofaffi wane ne Sambo Tambaya. Shi ma ba ya rera waƙa, ba ya jan murya. Magana yake jerawa a kan kiɗa, wata na taka wuyan wata, sai dai shi wandonsa na nan inda Allah ya ce wando ya zauna.

Ɗan gambara ne. Gambara ganga ce doguwa da ake ratayawa a kafaɗa, mai ita ya bi kasuwa rumfa-rumfa, ya tsaya gaban mutum ya kwance masa zani jama'a na dariya. A Jabo aka haife shi, gidan manoman da ko tafi ba su iya ba. Ubansa ya so ya riƙe kwashen noma, baffansa ya so ya riƙe allo, shi kuwa ya riƙe baki, don shi kaɗai ya ga bai da nauyin ɗauka. Laƙabin ya samo shi ne daga yadda yake buɗe kowane zambo. Sai ya dafa ganga, ya langaɓe kai kamar maraya, ya ce, "Tambaya nika yi, jama'a, ba faɗa ba." Da ka ji haka a ƙofar rumfarka, ka fara neman inda za ka ɓoye fuska.

Amma yana da ƙa'ida guda, kuma ita ta sa ya tsufa ba a taɓa fasa masa kai ba. Duk wanda ya ɓata, sai ya wanke shi kafin ya ɗaga ƙafa. Idan ya gama yi wa mahauci tas, har ya ce naman jiya ne ya yi wa kwalliya, sai ya sauya kiɗa, ya sassauta, ya ce ƙarya yake yi, ya jero alherin mahaucin da na ubansa da na kakansa, har mutumin ya ji gara da aka zage shi. Wannan shi yake kira wanki. Yakan ce zambo ba wanki kamar yi wa yaro sabulu ne a ido ka tafi da butar.

Wanda ya fi kowa shan bakinsa shi ne Dikko Ɗangiwa, wanzamin Kebbe. Uwar Dikko ƙanwar uban Sambo ce, wato taubasai ne, masu wasan da ba a fushi. Tun suna yawo ba wando ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In Sambo ya sauka Kebbe ranar kasuwa, daga nesa zai ɗaga murya:

"Kai bawa, ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar wa wa wanga kai naka awa ƙoƙon da anka jefar? Zamna in rage maka ƙazanta, maroƙin banza."

Haka suka yi ƙuruciya, haka suka yi furfura. Kuma a duk zambon da Sambo ke yi wa Dikko, magana ɗaya ce: wai hannunsa na rawa. Abin dariyar kuwa shi ne duk ƙasar ba hannun da ya kai na Dikko tsayawa. Gidajen aski ya gada tun daga kakanni, shi ke askin jarirai ranar suna, shi ke ƙaho, shi ke kaciya. Cewa hannunsa na rawa kamar a ce da gishiri ya cika zaƙi ne.

Sai zamani ya juya. Aka yanke Jihar Sakkwato, kuɗin mai suka malalo har inda ba a zata ba. Duk ɗan ƙauyen da ya je birni leburanci ya dawo da agogo mai walƙiya da rediyo mai cin kaset rataye a kafaɗa, inda dā gambara ke zama. Kasuwa ta cika da ƙarar babura da ta lasifikar masu maganin basir. Sambo ya ga sai ya yi ihu kafin a ji shi, ga shi ƙirji ya fara ba shi amsa. Wata damina tari ya kwantar da shi, ya daɗe bai leƙa Kebbe ba. Da ya tashi, baitin da dā yake yi da numfashi ɗaya sai ya tsaya ya ciko iska a tsakiya.

Matarsa Inno, wadda ba ta taɓa yi wa gambara dariya ba tun da aka kawo ta gidan, ta ce masa, "Malam, ƙirjinka na kuka awa tsohon ƙyaure. Tsaranka na sahun gaba ga masallaci, kai kana bin rumfuna kana zagin mutane. Ka aje ta hakanan."

Shi ma ya gaji, gaskiya. Abin da ya rage masa shi ne yadda zai ajiye ta ba tare da an ce ita ta ajiye shi ba.

Ana nan sai Alhaji Almu ya zo masa da magana. Almu na da shago bakin tashar Tambuwal, yana sayar da batir da kaset, ya dawo daga Makka da haƙorin zinariya da wata rediyo mai girman akwatin amarya. Ya ce, "Baba Sambo, in ka mutu da wanga baki an yi hasara. Bari in ɗauke ka ga kaset, ko guda, na ban kwana. Jikokinka su ji."

Maganar jikoki ita ta kama shi. Ya ce to, amma ba a ɗaki ba, don shi bai iya zagin bango ba. A kasuwar Kebbe za a yi, gaban mutane.

Ranar, bayan azahar, aka shimfiɗa tabarma a inuwa kusa da rumfar wanzamai. Almu ya zuba sabon batir, ya danna maɓalli biyu tare, ya ce a fara. Sambo ya duƙa ya leƙa abin, ya ga wasu ƙafafu biyu na juyi a bayan gilashi.

"Alhaji, wanga abu shina dariya?"

"Ba shi dariya, Baba."

"To mi zan yi da mai saurare da ba shi dariya?"

Jama'a suka kwashe, shi ke nan ya samu ƙarfin gwiwa. Ya fara da mahauci, ya ɓata shi ya wanke shi. Ya koma kan mai goro, ya koma kan wani direban lori da ya tsaya kallo da bakinsa a buɗe. Kowa ya sha sabulu ya sha ruwa. Dikko kuwa ya bar shi ƙarshe, kamar tsokar da ake ɓoyewa ƙasan tuwo. Yana zaune bakin rumfarsa, hannuwa cikin riga, yana murmushin wanda ya san nasa na tafe.

Sambo ya dafa ganga, ya langaɓe kai. "Tambaya nika yi, jama'a, ba faɗa ba."

Dikko bawana, wanzamin Kebbe,
Ka zo da kunne biyu, ɗaya za shi ɗebe,
Hannu na rawa, aska na bori,
Mai son kansa shi tashi da sauri.

Allah ya buɗe masa baki ranar yadda bai taɓa ba. Tarin ma ya ji kunya ya koma. Ya yi ta jerowa: yadda Dikko ya je yi wa mai gari ƙaho ya kafa wa dokinsa, yadda ango ya zo gyaran fuska amarya ta ƙi shi da dare ta ce ba wannan aka ɗaura mata ba. Mata masu fura suka ajiye ludayi. Almu ya yi dariya har hula ta faɗi, ya bi ta da rarrafe. A cikin wannan hayaniyar rediyon ta ce ƙas. Zaren ya ƙare. Ba wanda ya ji, balle a juya kaset ɗin kamar waina a ci gaba da ɗauka.

Sambo ya sauya kiɗa, ya sassauta, ya fuskanci akwatin da ya riga ya mutu, ya zuba masa wankin da ya fi kowane wanki a rayuwarsa.

Ƙarya nika yi, ku zubar ta a kasuwa,
Hannun Dikko sanyin randa sabuwa,
Jinjiri na barci, aska na wucewa,
Har a ƙare bai yi motsin farkawa.

Ya ambaci uwar Dikko, gwaggonsa, da ta goya shi shekarar da tasa uwar ta kwanta. Dikko ya sunkuya ya goge ido da kafaɗa, bai fid da hannu daga riga ba. Aka watse kowa na cewa yau an ga ban kwana.

Almu ya lura da abin da ya faru tun a wurin, amma ɗan kasuwa ne, ya ja bakinsa. Ya kai kaset ɗin Sakkwato aka buga da yawa. Ɗaya gefen da ya zauna fanko ya cike shi da kiɗan noma na wasu mutanen Sanyinna.

Kaset ya tashi kamar wutar kaka. Direbobi suka ɗauke shi Jega, suka kai shi Yawuri, masu shayi a Sakkwato suka mai da shi abin kiran ciniki. Ba wanda ya kira shi da sunan Sambo, "Wanzamin Kebbe" ake ce masa. Mahauci da mai goro ba a ko tsayawa a kansu, sai a zura biro a juyo zaren zuwa wajen Dikko. Malaman Tambuwal suka ce wannan cin naman mutum ne da aka zuba a gwangwani don kar ya lalace. Ƙananan ma'aikatan sakatariya, waɗanda dā in sun hango gambara sai su sauya hanya, suka fara tsayar da babur suna cewa, "Baba, ashe haka kake?" Ya shekara nawa yana haka a gabansu, sai da akwati ya faɗa musu suka yarda.

Shi kansa bai ji abin ba sai wata rana a tasha, daga cikin wata bas da ke jiran cika. Ya tsaya ya jingina da ita yana jin muryarsa, yana gyaɗa kai, har da ɗan alfahari. Aka zo kan Dikko, fasinjoji na ƙyaƙyatawa. Ya gyara tsayuwa yana jiran wanki. Sai ƙas. Direba ya juya kaset, ganguna suka kama kirarin wani sarkin noma.

Ya tsallaka shagon Almu ba ko sallama.

"Alhaji, ina wankin?"

"Wane wanki, Baba?"

"Na Dikko. Wa ya yanke min magana ga baki?"

"Zare ya ƙare, Baba, ba ni na yanke ba. Ikon Allah ne."

"To a sake. Yau. A kira duk wanda yas saya shi maido."

Almu ya yi dariya har haƙorin ya haska. "In kira su daga ina? Wanda yas saya ya buga wa ƙaninai, ƙanen ya buga wa abokinai. Ni kaina yanzu wasu ka ci da shi. Kuma tsakani da Allah, Baba, wa ka sayen kaset don shi ji an yabi wanzami?"

Sambo ya ce ai da sauƙi, bakin da ya ɓata yana nan. Ya sake rataya gambarar da ya yi wa ban kwana, ya bi kasuwanni da nufin ya yi ta wankin har ya cim ma zambon. Tsoho da tari yana tseren ƙafa da lori. Duk inda ya tsaya sai a ce, "Wanzamin Kebbe! Yi muna Wanzamin Kebbe!" In ya fara, mutumin da bai taɓa maimaita baiti iri ɗaya sau biyu ba, sai wani ya katse shi: "A'a Baba, ba haka take ba ga kaset." Ana gyara masa maganarsa. In ya sauya kiɗa ya shiga wanki, sai taro ya fara zarewa, wannan ya tuna bai sayi gishiri ba, wancan ya tuna jakinsa.

Duk da haka yana ganin abin na ɗan lokaci ne. Ai Kebbe ta san Dikko. Ai Dikko da kunnensa ya ji wankin.

Inno ce ta fasa masa ƙwan. Ta je suna Kebbe, gidan Ɗanmaliki, gidan da tun kakan Dikko su ke aske jariransa. Ta dawo ta ajiye mayafi, ta tsaya kansa yana shan fura.

"Malam, ka san abin da bakinka ya aikata? Dangin mai jego sun zo daga Jega, sun ji kaset. Da Dikko yaf fiddo aska, kakar jinjirin tac ce ba a taɓa mata jika da hannun da anka yi wa waƙa. Anka yi dariya, anka ce wasan taubasai ne. Tac ce to shi miƙo hannun a gani."

"To ba sai shi miƙa ba?"

"Ya miƙa."

Sannan ta ce, "Rawa shikai, Malam. Tun daminar da kak kwanta. Duk Kebbe an sani, ba mai faɗi. Suna kawo kai shina yi sannu-sannu, suna rufa mai asiri. Kai kaɗai ba ka sani ba, don kai ba ka kallon mutum, inda za ka cije shi kaka nema. Dā kowa na da ido ba shi da baki. Kai ka ba su baki."

Furar nan ba a ƙarasa ta ba.

Daga gidan Ɗanmaliki sai sauran gidaje suka bi, ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai ladabi. Yara in sun hango Dikko da zabira sai su kama kunnuwansu su ruga. Ba su san suna mugunta ba, waƙa ce kawai mai daɗin bi.

Sambo ya shiga mota ranar kasuwa ya nufi Kebbe, ya shirya shan zagin da ba a taɓa yi wa ɗan Adam ba. Har ma yana marmarinsa. Daga nesa ya ɗaga murya: "Kai bawa, ba ka mutu ba?"

Dikko ya miƙe tsaye. Ya kakkaɓe tabarma, ya gyara mata zama.

"Maraba da Malam Sambo. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?"

"Dikko, ni ne fa."

"Na gane ka, Malam. Bismilla, zamna. A kawo ruwa?"

Ku da ba ku da taubashi ba za ku gane ba. Da mari ya kwaɗa masa da ya fi sauƙi. Sambo ya jawo tsofaffin zagi, har na zamanin da suke satar mangwaro, Dikko na amsawa da "Madalla" da "Haka ne, Malam." Ya ce masa zare ne ya ƙare. Dikko ya ce ya sani, ai yana wurin, ba komai, Allah ya kaddara. Da zai tafi har ya raka shi 'yan taku, kamar baƙon da ya zo daga wata ƙasa. Ya sake zuwa, ya sake zuwa. Kullum tabarma a kakkaɓe, kullum gaisuwa cikakkiya.

A nan ne gambara ta hau ƙusa da gaske. Ba tuban da Inno ta so ba ne, ba kuma ban kwanan da ya tsara ba. Kawai in ya dafa fatar sai ya ji ba shi da tambaya. Ɓeraye suka yi ta hidimarsu da ita. Ya fara zuwa sahun gaba, limamin da ya sha zambo a hannunsa na kallonsa ta wutsiyar ido.

Sai kuma ya daina aski. Wanzaman Tambuwal na kiransa yana wucewa. Suma ta taru ta yi fari fat, gemu ya bazu ya haɗe da saje. Inno ta ce in dai haukan ne ya faɗa mata da wuri ta nemo turu tun ana samun na ƙwarai. Da ya ga hula ta fara ƙin zama, ya sake hawa motar Kebbe.

Rumfar Dikko ba kowa, sai shi da zabira da ƙudaje. Can gefe wajen mai shayi rediyo na ta yi, kuma kun san me take yi. Dikko ya miƙe zai fara gaisuwar nan tasa. Sambo bai saurare shi ba. Ya zauna dirshan a tabarmar aski, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Kai da gemu. Har maƙoshi."

Dikko ya dubi sumar, ya kau da kai. "Malam Sambo, akwai masu almakashi bakin tasha. Suna da madubi."

"Na gan su."

"Ka san yadda hannun yake."

"An gaya min."

Mutane suka fara tsayawa. Mai shayi ya rage muryar rediyo, ba don kunya ba, don ya ji da kyau. Dikko ya daɗe tsaye. Sannan ya durƙusa ya buɗe zabira, ya fid da aska ya wasa ta a fata, ya jiƙa kan da ruwa. Kowa na ganin bakin askar na kaɗawa kamar ganye. Sambo ya rufe ido. Mutumin da ko a jana'iza sai an harare shi kafin ya yi shiru, ranar ko tari ya haɗiye.

Aska ta sauka. Ta tafi, ta tsaya, ta sake tafiya. Gumi ya tsattsafo wa Dikko a goshi. Da aka zo ƙeya sai ta ciza. Jini ya gangaro cikin wuyan riga, wata mai fura ta ce wayyo. Sambo bai motsa ba, ko gira bai ɗaga ba.

Dikko ya tsaya yana kallon jinin. Sai ya kai wa ƙeyar duka da bayan hannu.

"Tsaya wuri ɗaya mana, ɗan banza! Kai ka motsi! Kai duk tudu da kwari awa gonar da anka ba rago, wa ka iya aske wanga?"

"Ni nim motsa?" in ji Sambo, ido a rufe. "Bawa, ka ji tsoron Allah."

"Wa ab bawanka? Uban wa yas saye ni? Rufe min baki kar in raba ka da shi, ko duniya ta huta."

Ya danna masa toka a ciwon da ƙarfin da ya wuce na magani. Ya ci gaba, yana yi yana zagi, ya zagi sumar, ya zagi gemun, ya zagi gambara da wanda ya fara sassaƙa ta. Masu kallo suka ga ba a yanka kowa ba, suka fara watsewa. Ba wanda ya zauna layi a bayan Sambo, kuma gidajen da suka tafi ba su dawo ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba.

Da aka kai rabin kai, hannun ya ƙi gaba ɗaya. Dikko ya gwada riƙe shi da ɗayan, ya ga ba hali. Ya goge askar ya mayar zabira.

"Tashi. Na gaji da warinka. Ka dawo kasuwa mai zuwa in ƙarasa."

"Haka zan shiga mota? Gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji?"

"Sa hula. Dā can wa ka kallonka?"

Sambo ya kifa hular, ta zauna a karkace. Ya dafa kafaɗar Dikko ya miƙe da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya nufi tasha a hankali don kar ya rasa motar Tambuwal.